Kindle da Igiyar USB: A Hannun Wa Littafin da Ka Saya Yake?

A ranar 26 ga watan Fabrairun 2025 kamfanin Amazon ya cire wani ɗan zaɓi daga shafin da masu sayen littattafan Kindle, wato na'urarsa ta karanta littattafan lantarki, ke duba jerin abubuwan da suka saya. Kafin wannan rana, wanda ya sayi littafi yana iya shiga asusunsa ta kwamfuta, ya danna wurin, fayil ɗin littafin ya sauka a kwamfutarsa, sannan ya jona na'urar karatunsa da igiyar USB ya tura mata shi. Sanarwar ba ta wuce ɗan rubutun da aka liƙa a jikin shafin ba, kimanin mako biyu kafin ranar, kuma bayanin da kamfanin ya bayar bai wuce cewa masu saye za su ci gaba da samun littattafansu ta Wi-Fi da manhajojin Kindle ba. Mafi yawan masu na'urar ba su taɓa danna wurin ba, wasunsu ma ba su san da zamansa ba. Duk da haka cire shi ya tayar da ƙura a tsakanin masu karatu na Amurka da Turai, domin ita ce hanya mafi sauƙi, kuma kusan ta ƙarshe, da mai saye ke karɓar fayil ɗin littafin da ya biya a hannunsa ya ajiye shi inda ya ga dama.

Akwai wata rashin fahimta da ta yaɗu a lokacin wadda ya kamata a kawar tun da wuri. Amazon bai toshe ramin USB na na'urar ba, bai kuma hana kowa zuba nasa fayilolin a cikinta ba. Wanda ke da takardar PDF, ko littafin da ya samo daga wani wuri ba tare da kulle ba, har yanzu yana iya jona Kindle da kwamfuta ya kwafa shi. Abin da aka rufe shi ne ƙofar fita, wato hanyar da littafin da aka saya a kantin Amazon ke bi ya iso kwamfutar mai shi. Ƙofar shiga tana nan a buɗe, an ma ƙara faɗaɗa ta a 'yan shekarun nan, kuma a wannan bambanci tsakanin shiga da fita ne duk ma'anar lamarin take.

Domin a gane dalilin samuwar zaɓin tun farko, sai a koma watan Nuwamban 2007, lokacin da Kindle ta farko ta fito a kan dala 399. Ba ta da Wi-Fi, haka ma ta biyu da babbar da ake kira DX; da layin wayar salula suke sauke littafi, kuma sai a 2010 ne aka fitar da wadda ke kama Wi-Fi. Wanda ke zaune inda layin ba ya kaiwa dole ne a ba shi wata hanya, wannan hanya kuwa ita ce kwamfuta da igiya. Lokacin da kamfanonin sadarwa na Amurka suka rufe tsoffin layukansu na 3G a 2022, waɗancan tsoffin na'urori suka rasa intanet gaba ɗaya, igiyar ta zama ita kaɗai ce mashigarsu. Da cire zaɓin a 2025, na'urorin da har yanzu allonsu da batirinsu ke aiki sun rasa hanyar karɓar sabon littafi daga kantin kamfanin da ya ƙera su.

Amma masu tsoffin na'urori ƙalilan ne, kuma ba saboda su aka yi yawan surutun ba. Asalin maganar tana ga nau'in fayil ɗin da ke sauka idan an danna wurin.

Kusan duk masana'antar littattafan lantarki ta haɗu a kan tsari ɗaya mai suna EPUB, wanda aka fitar a 2007, kuma tun 2017 yake ƙarƙashin kulawar W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet. Buɗaɗɗen tsari ne, kowane kamfani yana iya ƙera na'ura ko manhajar da za ta karanta shi. Amazon shi kaɗai ya bi tasa hanyar. A 2005 ya sayi wani kamfanin Faransa mai suna Mobipocket, ya gina tsarin AZW a kan nasa, a 2011 ya kawo AZW3, a 2015 kuma ya kawo KFX. A kan kowane ɗaya daga cikinsu ana iya ɗora abin da ake kira DRM, wato kullen da ke damalmala rubutun littafi ta yadda ba ya karantuwa sai a na'ura ko manhajar da aka ba mabuɗi. Zaɓin da aka cire yana ba da littafi ne a tsoffin tsare-tsaren, kuma mabuɗin kullensu yana da nasaba da lambar da ke jikin na'urar mai saye, lambar da mai ita ya sani. Shekara da shekaru akwai ƙananan manhajoji da ke yawo a intanet waɗanda ke amfani da wannan lamba su kwance kullen, littafin ya koma fayil na yau da kullum da za a iya juya shi zuwa EPUB a karanta a ko'ina. Kullen KFX, wanda ke sauka kai tsaye a sabbin na'urori, ya fi wuyar kwancewa, kuma kamfanin yana sabunta shi a kai a kai. Amazon bai fito ya ce wannan ne dalilinsa ba, amma duk wanda ya dubi tsarin abubuwan zai ga inda aka dosa, musamman da yake na'urorin da aka fitar a ƙarshen 2024 tun daga ranar farko ba a ba su wannan zaɓi ba.

To, me mutum ya saya idan ya biya kuɗin littafi a Kindle? Sharuɗɗan kantin sun daɗe suna faɗin amsar ƙarara: lasisi aka ba shi, ba a sayar masa da littafin ba. Sai dai maɓallin da yake dannawa “saya” aka rubuta a kansa, kuma mutane ƙalilan ne ke karanta dogayen sharuɗɗan. Jihar Kalifoniya ta ga wannan giɓi, ta yi doka mai lamba AB 2426 wadda aka sanya wa hannu a Satumban 2024 ta fara aiki a farkon 2025, wadda ta tilasta wa masu kantunan intanet su bayyana wa mai saye cewa izinin amfani yake biya wa. A daidai lokacin da ake cire zaɓin saukewa, masu saye a Amurka suka fara ganin ɗan rubutu a ƙarƙashin maɓallin yana shaida musu cewa lasisi suke saya.

Littafin takarda ba haka yake ba. Tun 1908 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa da zarar mawallafi ya sayar da kwafin littafi, ikonsa a kan wannan kwafi ya ƙare. Mai shi yana iya sake sayar da shi, ya ba da aro, ya yi kyauta da shi, ko magada su raba. A kan wannan ƙa'ida kasuwar tsoffin littattafai da ɗakunan karatu suka tsayu. Littafin lantarki bai samu wannan gata ba, kuma ba a Amurka kaɗai ba, domin a Disamban 2019 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar wani shafin Holan mai suna Tom Kabinet, ta yanke cewa sake sayar da littafin lantarki yana buƙatar izinin mai haƙƙin mallaka. Matsayin mai saye ya yi kama da na wanda ya biya kuɗin buhun hatsi amma aka bar hatsin a rumbun ɗan kasuwa, ana aunar masa duk lokacin da ya buƙata. Muddin rumbun yana buɗe kuma ana shiri da mai shi, babu abin da zai ji a jikinsa. Fayil ɗin da ake saukewa ta kwamfuta shi ne kawai damar ɗauko buhun a kai gida, ko da yake bakinsa a ɗaure yake.

Wani zai ce tsoro ne kawai, kamfani kamar Amazon ba zai wayi gari ya ɓace ba. Gaskiya ne ba a tsammanin haka, amma abubuwan da suka riga suka faru sun isa hujja. A watan Yulin 2009 wasu masu Kindle suka tarar an goge musu littattafan George Orwell guda biyu, 1984 da Animal Farm, daga na'urorinsu ba tare da an tambaye su ba, an mayar musu da kuɗinsu. Dalilin shi ne wanda ya sa kwafin a kantin ba shi da izinin sayar da su. Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, da kansa ya nemi gafara, ya kira matakin wauta, sannan bayan ƙarar da wani ɗalibi ya shigar saboda bayanan da ya rubuta a gefen littafin sun zama marasa amfani, kamfanin ya biya dala 150,000 ya kuma yi alkawarin ba zai sake goge littafi ba sai a wasu yanayoyi ƙayyadaddu, kamar umarnin kotu. Alkawarin ya taƙaita amfani da ikon, amma ikon yana nan a jikin na'urar. A 2023 kuma, lokacin da kamfanin Puffin ya sauya wasu kalmomi a littattafan yara na Roald Dahl, jaridun Birtaniya sun ruwaito cewa kwafin lantarki da mutane suka saya tun da daɗewa sun sauya da kansu zuwa sabon rubutun. Wanda ke da fayil a kwamfutarsa yana da shaidar yadda littafin yake a ranar da ya saya. Wanda ba shi da shi sai abin da aka nuna masa yau.

Rufe kanti ma ba sabon abu ba ne. Microsoft ya daina sayar da littattafan lantarki a Afrilun 2019, a Yulin shekarar kuma littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa. An mayar da kuɗi, har an ƙara wa waɗanda suka yi rubutu a cikin littattafansu dala 25, amma littattafan sun tafi. Amazon kansa ya rufe kantin Kindle na ƙasar Sin a ƙarshen Yunin 2023, ya ba masu saye shekara guda su sauke abin da suka mallaka. A gida Nijeriya, kantin littattafan lantarki na OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu a kansa, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Dalilan rufewar sun bambanta, girman kamfanonin ma ba ɗaya ba ne, amma tambayar da mai karatu ke fuskanta ɗaya ce: idan littafin yana zaune ne a cikin manhajar kamfani kaɗai, ina zai koma ranar da manhajar ta mutu?

Wa ya nemi kullen?

A nan ne lamarin ya fi ɗaure kai, kuma a nan ne nake ganin yawancin masu suka ke tsayawa a rabin hanya. Ba Amazon ne ya fara neman a kulle littattafai ba. Manyan kamfanonin ɗab'i ne suka gindaya shi a matsayin sharaɗi, saboda sun ga yadda satar fasaha ta yi wa masana'antar waƙa illa a farkon shekarun 2000, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Abin da ba su auna ba shi ne a hannun wa mabuɗin zai kasance. Kullen littafin Kindle na Amazon ne, ba na mawallafi ba, don haka ko mawallafin da kansa ba shi da ikon buɗe wa mai karatunsa kwafin da ya saya domin ya koma wata na'urar. Duk littafi ɗaya da mutum ya ƙara saya, tsadar barin kantin tana ƙaruwa, domin wanda ya tara littattafai ɗari uku a cikin shekara goma idan ya sauya na'ura sai dai ya bar su a baya ko ya sake biya. Ɓarayin littattafai kuwa kullen bai hana su komai ba, kwafi ɗaya kawai suke buƙata su kwance su watsa. Wanda ya biya kuɗinsa ne ke ɗauke da nauyin.

Sakamakon ya bayyana a kasuwa. Rahoton da wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya fitar a 2020 kan manyan kamfanonin fasaha ya ce Amazon na riƙe da fiye da rabin cinikin littattafan takarda da sama da kashi 80 cikin ɗari na cinikin littattafan lantarki a ƙasar. Da mawallafa suka farga, sai suka haɗa kai da Apple domin su karɓe ikon sanya farashi, gwamnatin Amurka ta maka su a kotu a 2012 bisa haɗa baki wajen tsawwala farashi, kamfanonin ɗab'in suka sasanta, Apple ya sha kaye a 2013 ya ƙare da biyan dala miliyan 450. A 2014, da rikicin farashi ya ɓarke tsakanin Amazon da kamfanin Hachette, kantin ya jinkirta aika littattafan kamfanin ya kuma hana yin odarsu kafin fitowa, na tsawon watanni. Abin lura a gefe guda shi ne, a shekarar da Kindle ta fito, wato 2007, Amazon ya buɗe kantin sayar da waƙoƙi marasa kulle kwata-kwata, domin a can Apple ne ke da rinjaye, kuma rashin kullen ne makamin da zai janyo masu saye. Kamfani ɗaya, shekara ɗaya, matsayi biyu, gwargwadon inda yake tsaye a kowace kasuwa.

Akwai kuma wani shinge da ba na fasaha ba. Marubucin da ke wallafa littafinsa da kansa a Amazon, idan yana son shiga tsarin Kindle Unlimited, wanda aka fara a 2014 inda mai karatu ke biyan kuɗin wata ya karanta abin da ya so, dole ne ya yi alkawarin ba zai sayar da kwafin lantarki a ko'ina ba na tsawon kwana 90, wa'adin da ke sabunta kansa idan bai janye ba. Littattafan soyayya da na almara masu tarin yawa suna cikin wannan tsari. Ma'ana, mai karatun da ya bar Amazon zai tarar wasu marubutan da yake bi babu su a wani kanti ko da yana riƙe da kuɗinsa.

Abin da ya rage ga mai Kindle

Wanda ya riga ya mallaki na'urar ba dole ne ya jefar da ita ba, kuma ba dole ne ya ci gaba da saye a kantin ba. Tun 2022 hidimar Send to Kindle take karɓar EPUB marar kulle: mutum ya tura fayil ɗin ta imel zuwa adireshin da aka ware wa na'urarsa, ko ya ɗora ta shafin intanet, wanda ke karɓar fayil har mai girman megabait 200, sai kwamfutocin Amazon su juya shi zuwa tsarinsu su aiko wa na'urar. Yana da sauƙi, amma yana buƙatar intanet, kuma fayil ɗin yana ratsawa ta hannun kamfanin. Na'urar da kanta har yanzu ba ta karanta EPUB idan an kwafa shi ta igiya.

Wanda ba ya son haka yana da Calibre, manhajar kyauta da Kovid Goyal ya fara a 2006, wadda ta zama ma'ajiyar littattafan lantarki ga miliyoyin mutane. Tana tsara littattafai a kwamfuta, tana juya EPUB zuwa AZW3, tana tura shi ta igiya ba tare da intanet ba. Sabbin na'urorin 2024 sun daina bayyana a kwamfuta kamar filashi, sun koma tsarin MTP irin na wayoyin Android, abin da ya ɗan wahalar da masu kwamfutar Mac domin sai sun saka ƙarin manhaja, amma hanyar tana aiki. Calibre ita kaɗai ba ta kwance kulle, kuma idan aka ba ta littafi mai DRM sai ta ƙi juya shi.

Batun kwance kullen kansa yana da hukunci. Dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA ta haramta ƙetare kullen fasaha ko da mutum ya biya kuɗin abin, in ban da wasu keɓance-keɓance da ake sabuntawa duk bayan shekara uku, ciki har da na makafi masu buƙatar manhajar da ke karanta musu rubutu. Tarayyar Turai tana da makamanciyarta tun 2001, sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sanya wa hannu a 2023 ita ma ta ƙunshi irin wannan tanadi. Mai karatu na iya ganin cewa ajiye kwafin abin da ya biya ba laifi ba ne a hankalce, kuma ina ganin yana da hujja, amma harafin doka bai tsaya a gefensa ba.

Sauran kantuna da na'urori

Sunan da aka fi ambata shi ne Kobo, kamfanin Toronto na ƙasar Kanada da aka kafa a 2009, wanda Rakuten na Japan ya saya a 2012. Na'urorinsa suna karanta EPUB kai tsaye, ana kwafa musu fayil ta igiya ba tare da juyawa ba, kuma shafinsa yana barin mai saye ya sauke littafinsa a kwamfuta. Sai dai a yi hattara, kada a gudu ba a tsira ba. Yawancin littattafan manyan mawallafa a Kobo su ma a kulle suke, da kullen kamfanin Adobe. Abin da ke sauka ƙaramin fayil ne mai ƙarshen ACSM, wanda ba littafin ba ne, takardar karɓa ce. Sai an buɗe ta da manhajar Adobe Digital Editions, da asusun Adobe, sannan littafin ya sauko, kuma na'urori shida kawai ake iya yi wa rajista. Fifikon wannan kulle a kan na Amazon guda ɗaya ne, amma babba ne: ba na kanti ɗaya ba ne. Littafin da aka saya a Kobo ko a Google Play yana buɗuwa a na'urar PocketBook, wanda aka saya a ƙaramin kantin Turai yana buɗuwa a Kobo. Igiyar ta ƙara tsawo, amma Adobe ne ke riƙe da bakinta. Kantin Apple kuwa ya fi Amazon tsauri, domin littattafansa masu kulle ba sa buɗuwa sai a na'urorin Apple.

PocketBook, wanda ya samo asali daga Kiyef yake kuma da hedikwata a Suwizalan, ya yi suna wajen karanta nau'o'in fayil masu yawa. Na'urorin Boox na ƙasar Sin suna aiki ne da Android, don haka ana iya saka musu manhajar Kindle da ta Kobo da sauransu a wuri ɗaya, wanda hakan mafita ce ga mai tsoffin littattafai a Amazon da ba ya son rabuwa da su. Bookshop.org, wanda ke raba riba da ƙananan kantunan littattafai na Amurka, ya fara sayar da na lantarki a Janairun 2025, amma masu kulle a cikinsu an fara su ne a cikin manhajarsa kaɗai, don haka ya magance tambayar wa ke cin riba bai magance ta wa ke riƙe da fayil ba.

Misalin da ya fi cancantar nazari shi ne na Jamus. A 2013 manyan kantunan littattafai na ƙasar, irin su Thalia da Hugendubel da Weltbild, suka haɗa kai da kamfanin sadarwa na Deutsche Telekom suka fitar da na'ura ɗaya mai suna Tolino, wadda ke karɓar littafi daga kowannensu. A 2015 kuma manyan kamfanonin ɗab'in ƙasar suka ajiye kulle mai tsauri suka koma sanya tambari, wato a dasa wata alama a cikin fayil ɗin wadda ke nuna wanda ya saya, amma a bar shi yana buɗuwa a ko'ina. Wanda ya watsa kwafinsa za a iya gano shi, wanda ya ajiye abinsa kuwa babu abin da ya tare shi. Jamus tana cikin ƙasashe ƙalilan da Kindle ke da abokin gogayya na gaske, kuma dokar ƙasar da ta ƙayyade farashin littafi ɗaya a kowane kanti ta taimaka, domin ta hana babba karya farashi ya kashe ƙanana.

Akwai kuma mawallafan da suka daina kulle gaba ɗaya. Baen, mai buga almarar kimiyya, tun ƙarshen shekarun 1990 yake sayar da fayiloli a buɗe. Tor, wanda ya fi shi girma, ya bi sahu a 2012, kuma bayan shekara guda reshensa na Birtaniya ya ce bai ga wata ƙaruwar sata ba. Kantin intanet na Smashwords, wanda kamfanin Draft2Digital ya saya a 2022, ba ya sanya kulle a littattafan marubuta masu zaman kansu. Ga tsoffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, shafin Project Gutenberg, shirin da aka fara tun 1971, yana da fiye da 70,000 kyauta. Ɗakunan karatu na gwamnati a ƙasashen Yamma suna ba da aron littattafan lantarki ta manhajar Libby, amma tura su zuwa Kindle a Amurka kaɗai yake yiwuwa, kuma dole sai da katin ɗakin karatun.

Ga mai karatu a Kano ko Damagaram, lissafin ya ɗan bambanta da na mutumin Landan. Na'urar karatu mai allon tawadar lantarki, wato allon da ke nuna rubutu kamar a takarda, tana yin makonni da caji ɗaya, abin da ya dace da inda wuta ba ta da tabbas, amma tsarin da ya dogara da Wi-Fi a kowane mataki bai dace da inda data ke da tsada ba. Haka kuma mawallafa suna raba haƙƙin sayarwa ƙasa-ƙasa, don haka littafin da ke kanti ga mai adireshin Amurka yana iya kasancewa babu shi ga mai adireshin Nijeriya ko Nijar. A irin wannan yanayi, na'urar da ke karɓar fayil ta igiya ba tare da neman izinin kowa ba ta fi daraja, kuma ma'aunin da ya kamata a ɗora kowane kanti a kai kafin a biya shi ne ko yana miƙa fayil ɗin EPUB da mutum zai iya kwafa a filashi, da kuma irin kullen da ke kansa in akwai.

A ƙarshen 2025 Amazon ya sanar da marubutan da ke wallafa littattafansu da kansu a dandalinsa cewa daga 20 ga Janairun 2026, littattafan da marubucin ya zaɓi kada a kulle za a iya sauke su a matsayin EPUB ko PDF. Wannan sassauci ne na gaske, kuma shi ne karo na farko da kantin ya yarda ya miƙa wa mai saye tsarin da sauran masana'antar ke amfani da shi. Sai dai ya rataya ne a kan zaɓin marubuci ɗaya bayan ɗaya, bai shafi littattafan manyan kamfanonin ɗab'i da ke kulle ba, waɗanda su ne mafi yawan abin da mutane suka tara a asusunsu tun 2007. Waɗannan, ga wanda bai sauke su kafin 26 ga Fabrairun 2025 ba, ana karanta su ne a na'urar Kindle, ko manhajar Kindle, ko shafin Kindle, da asusun da har yanzu kamfanin ya amince da shi.